Garwar da Duba-gari Ya Ba Mu

Wani duba-gari ne ya yi sanadin mutuwar 'yata, sannan ya tsaya yana kallo aka laƙaba wa matata maita har ita ma ta bi ta. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya kai tsakiya ya ce na yi masa kwana-kwana. Ba zan kama sunansa ba. Ba tsoronsa nake ji ba, yana da 'ya'ya da jikoki ne waɗanda ba su yi mini komai ba. Amma abin da ya faru, ko tsufa zai kwashe mini hankali gaba ɗaya, shi ne zai zama na ƙarshen fita daga kaina.

Ni ba mai ilimi ba ne. Ina aji uku a elementare ubana ya cire ni ya miƙa wa kafinta, to wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya yi haƙuri, da zarto na saba. Aikin kafintan ne ya kawo ni Kaduna, a shekarun da ake ta gine-gine wajen Kakuri, kafin a samu 'yancin kai. Na kama haya a Makera, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ni da matata da 'yarmu guda ɗaya wadda a lokacin ba ta wuce shekara biyar ba. Matata tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da safe kuma ta soya ƙosai, wata tsohuwa ta zauna mata da shi a ƙofar gida, leburorin reluwe su saya su wuce. Mace ce mai tsabta har abin ya yi yawa. Nakan tsokane ta in ce wata rana ni ma za ta haɗa ni da tukwane ta dirje da toka. Ita kuma ta ce ai da na samu da na yi haske.

Yaran yanzu ba su san duba-gari ba, shi ya sa suke ganin ɗan sanda abin tsoro ne. A zamaninmu in aka ce ga duba-gari ya shigo layi, sai ka ji mata suna ta kifar da ruwa a bayan ɗaki. Yakan zo cikin kaki da doguwar safa, da wani ludayi mai dogon hannu. Ya zura shi cikin randa ya ɗaga a rana, in ya ga tsutsar sauro ko ɗaya ce, ya fasa randar nan take, kuma a kira maigida kotu. Ya leƙa masai, ya leƙa makwarara, ya ɗaga murfin tukunya. Namu na Makera kuwa ɗan garinmu ne, ya girme ni, iyayenmu sun san juna a gida. Ina kiransa Malam, yana kirana Kafinta. Ni na yi masa gadon aurensa na biyu. Matata kan aika masa da ƙuli da kwalbar mai in ta yi sabon tuya, kamar yadda kowa a layin yake yi da abin da yake da shi, don a zauna lafiya.

A cikin shekarun nan ne aka kawo feshi. Mai shela ya zaga da ganga, ya ce hukuma ta kawo maganin sauro da kuɗin cizo, ranar da masu feshi za su shigo kowa ya fitar da abinci da ruwa da kaji, wanda ya hana su shiga gidansa zai gamu da hukunci. Suka zo da famfo goye a baya, hancinsu ɗaure da ƙyalle, suka wanke bango da magani, duba-gari yana tsaye yana nuna musu lungu da sanda. Ba zan yi ƙarya ba, maganin ya yi aiki. Kuɗin cizon da muka yi shekaru muna fama da shi, muna fitar da gado rana muna zuba masa tafasasshen ruwa, ya mutu ƙurmus. Muka yi barci kamar ba a Kaduna ba. Har addu'a muka yi wa hukuma.

Bayan an gama feshin layinmu, wata rana da yamma sai ga Malam duba-gari a ƙofar gidana, da garwa a bayan kekensa. Sabuwa ful, mai kauri, da murfi mai murɗawa, ba irin garwar kananzir da ke tsatsa cikin wata biyu ba. An kankare rubutun jikinta sai ƙarfen yana sheƙi. Ya ce in kai wa uwargida, tukwicin ƙulinta ne, ta daina wahalar jera kwalabe. Na buɗe na shinshina, na ce Malam, ai tana wari. Ya yi dariya ya ce, "Kafinta ke nan, hancin katako. Da kananzir ake dama maganin, shi kake ji. A wanke da toka da ruwan zafi a shanya, kamar kowace garwa." Na tambaye shi ko babu illa. Ya ce shi da yake fasa randar mutane saboda tsutsa ɗaya, shi ne zai kawo mini illa gida?

Wanda bai zauna a lokacin ba zai ce mun yi wauta. To a lokacin babu gidan da ba a amfani da garwar kananzir. Da ita 'yan garuwa ke kawo ruwa, da ita ake auna mai, da ita ake dafa ruwan jego. A wanke da toka, a shanya, shi ke nan, iyayenmu haka suka yi. Wa ya gaya mana akwai abin da toka ba ta fitarwa? Dokar da ta shafi randarmu, da ganga aka yi mana shelarta. Dokar da ta shafi garwarsu kuwa a ofis ta kwana, ba wanda ya leƙo da ita layinmu.

Matata ta yi murna kamar an ba ta saniya. Ta wanke ta, ta sake wankewa, ta kife ta a kan danga har warin ya tafi. Da ta yi matsa ta gaba sai ta juye man a ciki ta murɗa murfi ta tura ƙarƙashin gado, ta ci gaba da aiki da ragowar na kwalabe. Lokacin bazara ne, ɗakin kwano kamar tanda. Man ya daɗe a ciki yana jiƙa abin da ya maƙale a haɗin ƙarfen, mu ba mu sani ba.

Ranar da ta buɗe garwar, watan Sha'aban ne, tana ramuwar azumi. Wannan shi ne abin da ya cece ta da safe, kuma shi ne ya kashe ta daga baya. Kullum in ta tsame ƙosan farko ita take fara ɗanɗanawa ta ji gishiri. Ran nan baki a rufe, sai ta miƙa wa yarinyar. Yarinyar kuwa dama aikinta ke nan, ta tsuguna gefen kasko tana tsince ƙananan da suka ɓalle, waɗanda suka fi shan mai, ita da abokin wasanta, ɗan wani mahauci da muke katanga ɗaya. Ni na fita tun da asuba, koko kawai na sha, muna buga kwano a wani gini a Kakuri.

Ina saman rufi da hantsi na hango tsohuwar da ke sayar mana da ƙosai tana gudu, ba mayafi. Ban san yadda na sauko ba. Da na shiga gida na tarar da mata cike, yarinyar tana kan tabarma, jikinta yana fizga, idanu sun juye, kumfa na fita ta gefen baki. Ta sanƙare kamar itace, ta saki, ta sake sanƙarewa. Wani malami yana ta tofi, wata tana turara mata hayaƙi wai iska ce. Uwarta ta rungume ƙafafunta tana kiran sunanta a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Na saɓa ta a kafaɗa na nufi ɗakin shan magani. Ban kai ba. A hanya na ji nauyinta ya canja, duk wanda ya taɓa ɗaukar gawa ya san abin da nake nufi. Na ci gaba da tafiya duk da haka, don ban san abin da zan yi in na tsaya ba.

Kafin la'asar mun binne ta. A maƙabarta na ji cewa wasu leburori da suka ci ƙosan sun yi ta amai da jiri, amma su manya ne, sun tashi. Ɗan mahauci kuwa yana can kwance, fizgar tana zuwa tana tafiya.

Washegari da sassafe, ina zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, Malam duba-gari ya iso da leburorinsa biyu. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce aiki ne ya kawo shi, tunda abinci ne ya fito daga gidan dole ya duba. Na ce ya shiga. Ya sa aka haƙa rami aka juye man, aka fasa kaskon tuya, aka zubar da ƙullun da ya rage, ya ce an hana sayar da abinci a gidan sai yadda hali ya yi. Da za su fita na ga ɗaya daga cikin leburorin ya rufe garwar da buhu ya saɓa. Ban kawo komai a raina ba. Har godiya na yi masa. Wannan godiyar tana cikin abubuwan da suke hana ni barci har yau.

Kafin rana ta yi tsaka magana ta fara yawo. Wa ya soya? Ita. Wa bai ci ba? Ita. Me ya sa ranar da abin zai faru ne ta ɗauki azumi? Ba cutar ciki ba ce wannan, ai kowa ya ga yadda yaran ke fizga suna ƙafe ido a sama, kamar suna ganin wani abu. Wata ta tuna cewa matata ta taɓa shafa kan ɗan mahauci ta ce ya yi ƙiba. Wata ta ce dama tsabtar nan tata ba ta banza ba ce. Masu shigowa gaisuwa suka fara raguwa, waɗanda suka shigo kuma ba sa shan ruwan gidan.

Da yamma leburan da ya ɗauki garwar ya same ni a bayan rumfar aikina. Mutumin kudancin Zazzau ne, Kirista, yana haya a ƙarshen layinmu, matarsa kan sayi mai a wajen matata. Ya cire hula yana murzawa. Ya ce garwar nan ta maganin feshi ce, wanda ba a surka ba, kuma doka ita ce duk wadda ta ƙare a huda ta da diga a binne a bayan sito, Bature ya faɗa musu haka tun ranar farko. Ya ce shugabansu ne yake ware masu kyau yana kankare rubutun yana rabawa. Ya ce ya taɓa ganin akuya ta lashi inda maganin ya zube, yadda ta yi kafin ta mutu haka aka ba shi labarin 'yata ta yi. Na kama hannunsa na ce ya zo ya faɗi haka gaban mai unguwa. Sai ya fara kuka, babban mutum. Ya ce yana da yara huɗu, shi baƙo ne a nan, in ya buɗe baki a kan shugabansa wa zai yarda da shi, kuma ina zai ci abinci? Na sake shi. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Shi dai ya taka ya zo.

Mahauci ya kai ƙara wajen mai unguwa, aka tara mu a zaurensa, dattawa a ciki, jama'a a waje har bakin titi. Aka kira duba-gari, tunda shi ne idon likita a unguwa. Ni kuwa na je da ƙarfina, don na ɗauka magana ɗaya za ta kashe wutar. Na miƙe na ce ba maita ba ce, guba ce, daga garwar maganin feshi ta fito, ga wanda ya kawo mana ita nan zaune, a tambaye shi.

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce, "Wace garwa?"

Na ce wadda ka kawo a bayan kekenka, wadda ka sa aka fitar cikin buhu. Ya juya wajen mai unguwa ya sassauta murya, ya ce a yi mini uzuri, mutumin da ya binne 'ya ba a kama shi da abin da ya faɗa. Ya ce garwunan hukuma duk ana binne su, doka ce, kuma shi ne mai tsaron dokar. Mai unguwa ya ce to me ya gani da ya duba gidan? Amsar da ya bayar, ko a kabari aka tashe ni zan maimaita ta.

"Ranka ya daɗe, na duba ruwa, na duba masai, na duba abinci. Ban ga abin da ya shafi aikina ba. Irin wannan kuwa, ku manya kun fi ni sani."

Bai ce mayya ce ba. Ya fi ƙarfin ya faɗa da bakinsa. Ya dai buɗe ƙofa ya koma gefe. Nan take na ji maganar tana fita waje baki-baki: likita ma ya ce ba nasu ba ne.

Al'ada ce a lokacin, in ana zargin mace ta kama kurwar yaro, sai a sa ta tsallaka shi don ta sake shi. Jama'a suka biyo ni gida suka ce a fito da matata. Na tsaya a ƙofar gidana da guduma a hannu na ce duk wanda ya taka zauren nan sai dai a ɗauki ɗayanmu. Mahauci yana ta rantsuwa da wuƙarsa, 'yan doka biyu suna tsaye suna kallo. Sai na ji ta taɓa bayana. Ta lulluɓe, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Malam, bar ni in je. In na ƙi, yaron nan ya mutu, sun ce ni na hana shi tashi. Uwarsa tana cikin abin da nake ciki." Na ce in kika tsallaka kin amsa laifi. Ta ce ta sani.

Aka shimfiɗa yaron a tsakar gidansu. Ta ɗaga ƙafa ta tsallaka shi, jama'a na kallo ta kan katanga, yara a kan bishiya. Da ta gama ta tsuguna ta gyara masa zanen da aka rufe shi da shi, uwarsa ta buge hannunta. Muka dawo gida.

Yaron ya warke. Dama bai ci da yawa kamar tawa ba, gubar ce ta gama fita daga jikinsa. Na yi wa Allah godiya da ya tashi, har ga Allah na yi. Amma tashinsa shi ne hukuncin matata. Wace shaida kuma ake nema? Ta tsallaka, ya miƙe.

Na haye gada na je ofishinsu. Masinja ya bar ni a kan benci har aka tashi. Na koma, na sake komawa, har wani akawu ya gaji da ganina ya saurare ni. Ya ce ƙorafi irin wannan ana tura shi ne ga jami'in da ke kula da unguwar ya bincika ya kawo bayani. Na ce wane ne jami'in? Ya faɗi sunan mutumin da na kawo ƙara. Na yi dariya a wurin har akawun ya tsorata. Na je gidan Malam ɗin a Tudun Wada kuma, ba da faɗa ba, na durƙusa masa a zaure. Na ce ban nemi a kore shi ba, ban nemi diyya ba, ya zo kawai ya ce wa mai unguwa mai yiwuwa daga man ne, ko da bai ambaci garwa ba. Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce, kuma in na ci gaba da ɓata masa suna zai sa a rufe rumfata. Bayan ɗan lokaci na lura garwunan nan masu sheƙi, da nake gani a gidaje biyu-uku, duk sun ɓace. Ya bi ya tattara abinsa a ɓoye. Ashe ya san abin da ya kashe 'yata sarai.

Abin da ya biyo baya ba shi da wani labari, kullum iri ɗaya ne. In ta fita famfo mata su janye bokitansu. In ta wuce a kira yara cikin gida. Ba mai aiko yaro ɗibar wuta, ba mai gaya mata biki ko suna. Macen da take ciyar da rabin layi, aka wayi gari ko gishiri ba a ara a hannunta. Ba a bar ta ta yi kukan 'yarta kamar kowace uwa ba, in an ji kukanta sai a ce nadama ce. Na kai ta garinmu ko za ta huta, muka tarar labarin ya riga mu sauka daga jirgi. Matan 'yan'uwanta suka ɓoye jariransu. Ita da kanta ta ce mu koma, gara wulaƙancin bare.

Na ce mu tashi daga Makera. Ta ce ba za ta yi nisa da kabarin yarinyar ba. Ta daina cin abinci sai an matsa, ta rame har awarwaronta yana zamewa. Tana nan tana wanke tukwanen da ba a dafa komai a ciki ba. Wata rana ina cin tuwo ta zauna tana kallona, sai ta ce, "Malam, kai ba ka tsoron cin abin hannuna?" Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce ita kanta wani lokaci takan zauna ta yi tunani, ko tana da abin ba ta sani ba, tunda ita ce ta miƙa wa yarinyar da hannunta. Nan na san sun gama da ita. Sun faɗa har ta fara yarda.

Ba ta kai azumi na biyu ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita, irin wanda mai ƙarfi yake tashi daga shi cikin mako, ita kuwa ba ta da abin da za ta yi faɗa da shi. Kafin ta cika abin da ya dame ta ɗaya ne, wa zai yi mata wanka. Ta yi gaskiya. Na bi gida-gida a layin da na yi wa kusan kowa ƙofa ko akwati, kowace mace ta ce ita yau ba ta da tsarki. Tsohuwar da ke sayar mana da ƙosai ce ta wanke ta ita kaɗai, matar leburan nan Kirista tana ɗebo mata ruwa tana miƙawa daga bakin ƙofa. Waɗanda suka yi mata salla ba su cika sahu ɗaya ba.

Shi kuwa ya ci gaba da hawa. Aka ƙara masa girma, ya bar keke ya hau babur, daga baya ma shi ne yake koya wa sababbin ma'aikata yadda ake kiyaye magani. Na ji an ce ya tsananta a kan maganar binne garwa, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Wataƙila hakan ya ceci 'ya'yan wasu, ban sani ba. Abin da na koya dai shi ne, in aka ba mutum doka ya tsare, kuma shi ne mai binciken kansa, to talakan da ke ƙarƙashinsa ba shi da kowa sai Allah. Na sake aure, na haifi wasu 'ya'yan, amma har yau ba a shigo mini da garwa gida, ko ta mece ce.

Shekaru sun tura, ya yi ritaya. Wata rana ina rumfa ina feraye ƙafar kujera sai ga shi da farar riga, gemu ya yi fari, wani ɗansa ya kawo shi a mota. Zai tafi Makka, yana zagaya mutane ana yafe wa juna. Ya zauna a kan bencina ya ce, Kafinta, zama tare ba a rasa saɓani, in akwai abin da ya taɓa shiga tsakaninmu mu yafi juna. Haka ya faɗa, in akwai.

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce akwai, kuma ya san shi. Na ce ga masallacin layinmu can, mahaucin yana raye, ɗansa ma ya zama magidanci, in an idar da la'asar ya miƙe ya gaya musu abin da ke cikin garwar, in ya so mu yi maganar yafiya. Ya sunkuyar da kai ya ce abin ya daɗe, tone-tone ba shi da amfani, yana da iyali, ina laifin a bar wa Allah.

Na ce masa, "Malam, 'yata na bar wa Allah tun tuni, don ba ka kawo garwar da niyyar kisa ba, kwaɗayi ne da raina doka. Amma uwarta da idonka biyu ka kashe ta. Kalma ɗaya ta nema a bakinka, ka duba albashinka ka haɗiye. Har yau a layin nan in yaro ya ƙi barci da sunanta ake tsorata shi. Ni ba ni da ikon yafe wannan, mai ikon tana maƙabarta, kai ka san hanya. Ka je Makkan, Allah ya kai ka lafiya. In ka tsaya a gaban Ɗakin ka faɗa masa abin da ka kasa faɗa wa mai unguwa. Yanzu tashi mini daga benci, aiki nake yi."